Me Ke Riƙe Abin da Ke Juyawa? Daga Mazarin Kaka Zuwa Injinan Akosombo

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shagon mai walda a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ga abin da zan fara da shi, ko da bai kula ba. Yaro ya danna faifan giranda a kan ƙarfe, tartsatsi na tashi. Faifan juyawa yake yi, amma tartsatsin ba ya zagayawa tare da shi. Da zarar ya rabu da bakin faifan sai ya miƙe ɗoɗar kamar kibiya. Haka taɓon da tayar keke ke watsawa da damina, haka dutsen majaujawa idan aka saki igiya ɗaya. Na yi shekara huɗu ina koyon aikin fita, wato kanikanci, a Magazin kafin in koma makaranta, kullum tartsatsin nan na gabana, kuma a cikinsa ne daga baya na sami amsar tambayar da nake yi tun ina yaro a Aboabo: me ya hana wata faɗowa, me kuma ya hana shi tafiya abinsa?

Babu abin da ke zagaye don ra'ayin kansa. Duk abin da ke tafiya miƙewa zai yi, da gudunsa yadda yake, sai in wani abu ya tare shi ko ya ja shi gefe. Wannan ita ce doka ta farko cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a 1687. Saboda haka duk inda ka ga abu yana zagaye, nemi abin da ke riƙe da shi yana janyo shi tsakiya. A majaujawa igiya ce. A faifan giranda ƙarfin jikin faifan ne, kowane ɓangare yana riƙe da na kusa da shi. A sararin sama kuwa igiyar ba ta ganuwa, amma tana nan.

Idan turoturo, motar haya, ta shiga shataletalen Santasi da gudu, fasinja kan ji kamar an tunkuɗa shi wajen ƙofa. Ba wanda ya tunkuɗa shi. Jikinsa ne ya ci gaba da miƙewa, motar ta lanƙwasa ta sha gabansa, sai da ƙofa ko kafaɗar maƙwabcinsa ta tare shi ta karkato da shi. Ita motar, abin da ke karkato da ita shi ne kamun da taya ke yi wa kwalta, wuri huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Igiyar majaujawarta ke nan. Idan taya ta suɗe, ko ruwa ya kwanta, ko mai ya zube a titi, igiyar ta tsinke, direba yana murza sitiyari mota tana miƙewa zuwa kwata.

Akwai wani lissafi a nan da nake fata a ce kowane direba ya haddace shi kamar lambar wayarsa. Ƙarfin da ake buƙata don riƙe abu a kan zagaye ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninku sau huɗu. Ka ninka sau uku, ya ninku sau tara. Matuƙin Pragya, keken haya mai inji, da ya saba shan wata kwana da gudun kilomita 20 a awa, ranar da ya sha ta da 40 yana ganin ɗan ƙari ya yi, alhali ya ɗora wa tayoyinsa ninki huɗu. Ga ta da ƙafa uku, ga ƙunci, ga fasinjoji a zaune sama da taya. Ko tayar ta zame, ko ta kama ƙasa gam keken ya ɗaga ƙafa ya kife.

Wannan lissafi ne ya kusa raba wani abokin koyon aikina da idonsa. Ƙaramar giranda, mai ɗaukar faifai na milimita 115, tana juyawa kusan sau 11,000 a minti. A wannan juyi, bakin faifan yana gudun da ya kai wajen kilomita 240 a awa. Babban faifai na milimita 230 an yi shi ne don babbar giranda wadda ba ta wuce juyi dubu shida da 'yan ɗaruruwa ba, kuma iyakar a rubuce take a jikin faifan. Ranar da abin ya faru ƙananan faifai sun ƙare, aiki na jira, sai ya kwance murfin kariya ya ɗaura babba a ƙaramar giranda. Bakin faifan ya koma gudun kusan kilomita 480 a awa, nauyin da jikinsa ke ɗauka ya wuce abin da aka gina shi a kai nesa ba kusa ba. Bai kai ga gama yankan farko ba faifan ya tarwatse. Ɓallin ya bi ta saman girarsa ya huda kwanon rufi. Da aka dawo da shi daga ɗinki, Masta, maigidan shagonmu, ya tara mu, ya ɗauko ragowar faifan ya nuna mana lambar da ke jiki, ya ce: "'Ya'yana, wannan lamba ba ado ba ce. Ƙarfe ma yana da iyakar abin da zai iya riƙewa." Har yau idan na ga giranda ba murfi sai gabana ya faɗi, kuma ba na yin shiru, ko shagon ba na wanda na sani ba ne.

Haka batun daidaita taya, wanda mutane da yawa ke ɗauka hanyar karɓar sidi ce kawai. Ɗauki gram 30, nauyin da bai fi na 'yan kwabbai ba, ya zama ya fi yawa a gefe ɗaya na rim. Mota na gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 15 a sakan, wannan gram 30 ɗin yana fizgar ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo biyar, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 15 kowane sakan, tun daga Kumasi har Tamale. Shi ne rawar da kake ji a sitiyari. Shi ne ke cin boris da shokozoba ba tare da ka san dalili ba. 'Yar dalmar da ake maƙala wa rim aikinta ta mayar da nauyin taya daidai kan ƙarfen tsakiya.

To, wata fa? Wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,000, yana gudun kusan kilomita ɗaya a sakan. Da za a sake shi, da ya miƙe kamar tartsatsi ya ɓace. Ƙarfin jan da duniya ke yi masa, wanda shi ne dai ke faɗo da mangwaro daga reshe, yana karkato da shi kullum. Faɗowa yake yi, amma gudunsa na gefe ya isa ya sa yana kuskuren duniya a kowane lokaci. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana yin haka a nisan kilomita 400 kacal, inda jan duniya bai ragu sosai ba, don haka dole ta yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin awa ɗaya da rabi. Daga cikinta aka saki GhanaSat-1 a 2017, ɗan ƙaramin tauraron da ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa. Kana ƙara nisa, ja na raguwa, zagaye na ƙara daɗewa. A nisan kilomita 35,786 saman tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, zagaye ɗaya yana ɗaukar daidai lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya. Tauraron da aka ajiye a can yana tafiya tare da mu kafaɗa da kafaɗa, sai ya zama kamar a tsaye yake. Shi ya sa mai ɗaura dish ke saita shi sau ɗaya a kan rufinku a Asawase ya ɗaure noti ya tafi, shekara da shekaru ba a sake taɓawa.

A wajen tafsirin azumi na fara jin abin da ya haɗa mini sama da ɗakin kakata. Malam ya zo kan aya ta 33 a Suratul Anbiya, "kullun fi falakin yasbahun", sai ya kawo fassarar da aka ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa suna kewayawa kamar yadda mazari ke juyawa a cikin gululunsa. Na san mazari. Kakata, wadda iyayenta fataucin goro ya kawo su Kumasi, ba ta daina kaɗi ba har idonta ya raunana. Takan shafa alli a yatsu, ta murza tsinken sau ɗaya, ta sake shi, yana ta juyawa a tsaye tana jan auduga zare na fita. Wata rana gululun ya fashe, na ce mata, "Kaka, ki murza tsinken haka nan mana." Ta miƙo mini ta ce, "Gwada, maigidan." Na murza, ko juyi uku bai yi ba ya faɗi.

Wannan ɗan dunƙulen yumɓu shi ne rabi na biyu na maganar. Abu mai nauyi idan ya fara juyawa ba ya son tsayawa, kuma ba ya son a karkatar da layin da yake juyawa a kai. Nauyin kuma idan yana can baki-baki, nesa da tsakiya, ya fi riƙe juyi. Katantanwar da muke murzawa a rairayi muna yara tana tsaye ne muddin tana juyawa, da ta gaji sai ta fara layi ta kwanta. Garen da yaro ke korawa da sanda haka.

Je ka wajen injin niƙa, wanda har maƙwabtanmu Asante ke kira nikanika, kalmar da kowane Bahaushe zai gane asalinta. Inda ake amfani da tsohon injin dizal mai silinda ɗaya, za ka ga manyan ƙafafun ƙarfe masu kaurin baki a gefensa. Fistin yana tafiya huɗu, sauka biyu da hawa biyu, kafin zagayen aiki ya cika: ya shaƙi iska, ya matse ta, mai ya kama wuta ya tura shi, ya fitar da hayaƙi. A cikin huɗun nan ɗaya ne kawai ke ba da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. Ƙafar ƙarfen ce ke karɓar bugun nan guda ta adana, ta raba shi a kan sauran, har dutsen niƙan ya riƙa juyawa sumul maimakon fizga-fizga. Gululun kaka ne aka yi da ƙarfe. Keken ɗinkin tela na ƙafa ma haka yake: ƙafa na taka feda sama da ƙasa, wani lanƙwasasshen ƙarfe na mayar da takun ya zama juyi, babbar ƙafar keken na tsallakar da shi wuraren da takun ba shi da ƙarfi. Wannan dabara ta haɗa kai-da-komo da juyi tsohuwa ce. Injiniya Al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir, ya zana injinan ɗaga ruwa masu aiki da ita a littafin da ya kammala a 1206. Ita ce dai a cikin kowane injin mota da ake kwancewa a Magazin yau.

Sauran aikin injiniya a nan ciniki ne tsakanin gudu da ƙarfi. Motar lantarkin nikanika tana juyi kusan 1,450 a minti, ya yi wa niƙa yawa, sai a sa ƙaramin fuli a jikinta, babba a jikin injin, a haɗa da bel. Gudu ya ragu, ƙarfin murɗa ya ƙaru. Giyar mota ke nan, sarƙar keke ke nan.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne wutar lantarki, domin mu a Gana mun sha wahalarta, kuma kaɗan ne suka san cewa maganar juyi ce. An kammala madatsar Akosombo a 1965. Ruwan tafkin Volta yana gangarowa ta manyan bututu ya juya farfela shida, kowace tana juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, duka shidan suna iya ba da megawat 1,020. Wutar da ke fitowa kai-da-komo take yi sau 50 a sakan, kuma wannan 50 ɗin ba daga ko'ina ta fito ba sai daga saurin juyin injin. Ƙaramin janaretan shago dole ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da ita. Na Akosombo ba su kai ko 200 a minti ba, amma an jera musu maganaɗisu masu yawa a kewaye, sai lissafin ya fito daidai. Abin mamakin shi ne, duk injinan da ke kan layi ɗaya, na Akosombo, na Kpong, na Bui, da masu ƙona gas a Aboadze da Tema, a ɗaure suke da juna, suna taku ɗaya kamar mata masu lugude a turmi guda. Idan mai walda a Suwame ya kunna injinsa, dukkansu sai sun ji nauyin, ko da ɗan mitsitsi ne.

Ka taɓa lura da yadda muryar janareta ke nutsewa idan aka jona dutsen guga, sannan ta farfaɗo? Nauyi ya ƙaru, juyi ya ragu, sai wata na'ura da ake kira gwamna ta buɗe wa mai hanya. Irin wadda James Watt ya sa wa injin tururi a 1788 ƙwallaye biyu ne a kan sanda mai juyawa: gudu ya yi yawa su buɗe waje su rage tururi, ya ragu su sauko su ƙara. An ɗauki son miƙewar nan da ke fasa faifai an mai da shi mai gadi. A Akosombo gwamnan ƙofar ruwa yake buɗewa. Amma idan tafki ya ja baya, ko gas ya yanke, ya zama buƙatar ƙasa ta fi abin da injinan za su iya, sai juyinsu duka ya fara sauka ƙasa da 50. In aka bari ya ci gaba, injinan za su katse kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace, ƙasa gaba ɗaya ta shiga duhu. Don haka masu kula da layi ke sauke wasu unguwanni da gangan. Dumso, yawan ɗauke wutar da ta addabe mu, musamman a 2015, tana da dalilai na kuɗi da na tsari da ya kamata a tambayi masu mulki a kansu, amma a ɗakin sarrafa wuta abin da ake tsaro shi ne kada juyi ya faɗi.

Mu kanmu a kan abin juyawa muke zaune. Kumasi tana kusan digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, don haka juyin duniya yana tafiya da mu gabas da gudun kusan kilomita 1,660 a awa. Tafiyar Kumasi zuwa Akra cikin minti tara ke nan. Dattawa kan tambaye ni, da gaskiyarsu, in haka ne me ya sa ba ma jin jiri? Amsar tana cikin kunne. A can ciki akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kuma abin da suke ji shi ne canjin juyi. Yaro mai wasan hajijiya idan ya tsaya, ruwan kunnensa bai tsaya ba, shi ya sa yake ganin gida na zagaye shi. Duniya kuwa ba ta fizga, ba ta birki, kuma duk da gudun nan juyi ɗaya take yi a yini da kwana. Gajeren hannun agogon bango ya ninka ta saurin juyi, kai kuwa ba ka taɓa kama shi yana motsi ba.

Shaidar tana cikin jadawalin salla. Duniya na juya digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Layin Girinwic, wanda daga kansa ake ƙirga digirin gabas da yamma, ya ratsa ta Tema, Akra na dab da shi, Kumasi na yamma da ita da kusan digiri ɗaya da rabi. Shi ya sa rana ke yin zawali a Nima ta Akra kusan minti shida kafin ta yi a Aboabo, a Kano kuma kusan minti 40 kafin mu, ko da kowa ya ajiye agogonsa gefe. A 1851 Léon Foucault ya rataya dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a wani babban gini a Faris, ya sake shi yana lilo. Jama'a na kallo layin lilon yana karkata sannu a hankali, kusan digiri 11 a awa, domin daɓen ginin ne ke juyawa a ƙarƙashinsa. Da a Kumasi ya yi gwajin, da sai ya jira fiye da kwana takwas kafin layin ya zagayo, saboda kusa da tsakiyar duniya wannan karkata rauni gare ta. Raunin nan yana cikin dalilan da suka sa manyan guguwar teku ba sa ƙulluwa a gaɓarmu, duk da cewa da yawa daga cikin waɗanda ke afka wa Amurka hadarin Afirka ta Yamma ne asalinsu, sai sun yi yamma da arewa cikin Atilantika suke samun juyi. Ita guguwar da ke tashi a filin ƙwallo da rani tana kwasar leda, ba ruwanta da juyin duniya. Iska mai zafi ce ke tashi daga ƙasa, ta kewaye na rugowa ta cike gurbin, ɗan juyin da ke cikinta yana ƙara sauri yayin da take matsewa tsakiya, kamar ruwa a mazurari. Tana iya yin dama, tana iya yin hagu.

Duniya kuma katantanwa ce da ke juyawa a karkace, da digiri 23 da ɗan ɗori, kuma saboda taurin kan abin da ke juyawa, karkatar tana fuskantar wuri ɗaya duk tsawon shekara yayin da muke zagaye rana. Daga nan damina da rani suka fito. Rana na wucewa daidai tsakar kan Kumasi sau biyu, farkon Afrilu tana hawa arewa, farkon Satumba tana komawa. Ɗamarar ruwan sama tana bin ta a baya, shi ya sa muke da damina biyu a shekara, 'yan'uwanmu na Bolga da Bawku kuma guda ɗaya, idan ta ja kudu sosai sai hunturu ya sauko mana da ƙurarsa.

Wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki: ga juyi ko'ina a sama, ga shi ko'ina a injin, amma ba dabba ko ɗaya mai taya. Buzuzu yana mirgina dunƙulensa, ungulu na kewaya a kan iska mai zafi tana hawa ba tare da kaɗa fiffike ba, amma gaɓar da za ta yi ta juyawa ba iyaka babu ita, domin jijiyoyin jini da na ji da ke ciyar da ita za su murɗe su tsinke. Sai ka sauka can ƙasa inda ido ba ya gani. Ƙwayoyin bakteriya da yawa, har da mai kawo kwalara, suna iyo ne da wutsiya mai juyawa kamar farfela, wata 'yar mota a gindinta tana murza ta sau ɗari ko fiye a sakan. A cikin ƙwayoyin jikinka kuma akwai wani injin sunadari mai juyawa wanda ke ƙera sinadarin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke ƙonawa su yi aiki. Ƙananan ƙwayoyi masu caji suna tururuwa ta cikinsa daga inda suka taru zuwa inda suka yi ƙaranci, suna juya shi, tamkar ruwan Volta a farfelar Akosombo. Paul Boyer da John Walker sun sami kyautar Nobel a 1997 kan gano yadda yake aiki, kuma a shekarar ce masu bincike a Japan suka gan shi yana juyawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ranar da na fara karanta wannan, tasbihi kawai na yi.

Idan abin da ke juyawa ba ya son tsayawa, me ke tsayar da fanka bayan an ɗauke wuta? Guga. Iska na gugar fiffikenta, ƙarfe na gugar ƙarfe a tsakiyarta, ƙarfin juyin yana zama zafi yana tafiya. Rabin aikin Magazin yaƙi ne da wannan. Boris yana sa ƙarfe ya mirgina a kan 'yan ƙwallaye maimakon ya ja jiki. A cikin injin mota kuwa, babban shaf ba ya ma taɓa mazauninsa idan yana aiki, yana yawo ne a kan shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Shi ya sa lokacin da injin ya fi ciwuwa shi ne sakannin farko da safe kafin mai ya hau, kuma shi ya sa man da ya mutu ko na jabu ke buga injin. Tobo, farfelar da ke cusa wa inji iska, na manyan motocin da ke jigila daga Tema zuwa Paga yana wuce juyi 100,000 a minti. Direban da ya iso da zafinsa ya kashe injin nan take ya yanke masa mai alhali bai gama juyawa ba, ga zafi na dafa ragowar man da ke ciki. Minti biyu na barin injin a silo ya isa.

Duniya ba ta da boris, tana juyawa ne a sararin da babu iskar da za ta goge ta, shi ya sa ta shafe shekaru fiye da biliyan huɗu ba ta tsaya ba. Amma ita ma akwai abin da ke cin ta. Jan da wata ke yi wa teku shi ke kawo cika da janyewar ruwa da masuntan Jamestown da Elmina ke lissafi da su, kuma ruwan nan yana gugar gaɓa da ƙasan teku kamar birki mai laushi. Tsawon yini yana ƙaruwa da kimanin kashi biyu cikin dubu na sakan a kowace shekara ɗari. Juyin da duniya ke rasawa yana komawa ga wata, yana ƙara nisa da mu da santimita 3.8 a shekara, an auna da hasken leza da ake harbawa kan madubin da 'yan sama jannatin Apollo suka fara ajiyewa a can a 1969. Layukan girma a jikin tsofaffin duwatsun murjani sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 400 da suka wuce shekara tana da kwana wajen 400, kowane yini bai wuce awa 22 ba. Shi watan, irin wannan birki ya riga ya gama da shi: juyinsa ya ragu har ya yi daidai da zagayensa, shi ya sa fuska ɗaya yake nuna mana tun kakanni.

Masta yana da gwaji biyu da yake yi kafin ya taɓa sifana. Na farko, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin altaneta injin na aiki, ya kara mariƙin a kunnensa. Lafiyayyen boris shuu yake yi kamar yayyafi a kan kwano, wanda ya fara ci kuwa ƙara yake kamar an zuba masa yashi. Na biyu, ya ɗaga ƙafar babur, ya ja alama da alli a jikin taya, ya wulwula ta da hannu ya ja baya. Yana duba daɗewar da za ta yi kafin ta tsaya, wannan labarin boris ne da birki. Yana kuma duba inda alamar za ta tsaya. Ya sake wulwulawa, ya sake, har sau uku. Idan kowane karo wuri dabam ta tsaya, sai ya ce a sauke. Idan kuwa alamar tana komawa wuri ɗaya, tayar ta ɗan yi lilo gaba da baya kafin ta natsu, sai ya dafa ƙasan tayar ya ce, "Nauyin yana nan. Kai yaro, kawo dalma."